Malam Abdullahi na Gwandu: Malamin da Ya Zare Takobi, Ya Kuma San Ranar Mai da Shi Kube

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, filin na wannan mako zai waiwayi tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, domin a rayuwarsa akwai amsar wata mas'ala da ta daɗe tana damun Musulmi, watau yaushe ne ya halatta a ɗauki makami a kan mahukunta, yaushe ne kuma yin haka ya ke zama tawaye da ɓarna.

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, sa'an nan aka danƙa shi ga wansa Shehu, wanda ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. Ya yi karatu kuma wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru da waɗansu malamai da ya lissafa a littafinsa Ida'un Nusukh. Ya yi zurfi a nahawu da lugga da fiƙihu da tafsiri.

Abin da masu gaggawa kan manta shi ne, jama'ar Shehu ba da yaƙi ta fara ba. Tun wajen 1774 Shehu ya ke wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara, Malam Abdullahi yana biye da shi, shekara talatin ba a harba kibiya ba. Sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba. Abubuwa biyar ya roƙa: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Da baki aka nemi gyara, da baki kuma aka samu.

Al'amari ya juya ne bayan da Sarki Nafata ya yi shela cewa ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, a kuma daina naɗa rawani da yin lulluɓi. A zamanin Yunfa aka auka wa mutanen Abdussalami a Gimbana, aka kama Musulmi bayi. Duk da haka jama'a ba ta tasam ma Alkalawa ba; hijira ta yi daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Can aka yi wa Shehu mubaya'a, Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Da Yunfa ya biyo su da runduna, Malam Abdullahi ya ja jama'a aka gamu a Tabkin Kwatto cikin Yuni 1804, Allah Ya ba su nasara. Mai karatu ya lura da jerin nan: wa'azi, sa'an nan haƙuri, sa'an nan hijira, sa'an nan naɗa shugaba malami wanda aka yarda da shi, daga ƙarshe kariyar kai bayan an toshe kowace ƙofa.

Wutar ta bazu ƙasar Hausa duka. A Daura Malam Isyaku ne ya karɓo tuta, aka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birni wajen 1805. Zuriyarsa ta rarrabu, waɗansu a Zango, waɗansu a Ɓaure, ƙasa guda ta zama tana da sarakuna da dama masu gāba da juna har kusan shekara ɗari. Sai a 1904 Turawa suka mayar da Malam Musa na tsohon gidan a kan gadon Daura. Ko yaƙin da malamai suka ja, ga irin tabon da ya bari.

Malam Abdullahi ya ga wannan tsada da idonsa. A Tsuntsuwa an rasa mutane wajen dubu biyu, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kamar ɗari biyu. A Alwasa ma, cikin 1805, an sha wuya ƙwarai. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne sākewar zukata. Ya ga na kirki sun yi shahada, waɗanda suka rage da yawansu sun karkata ga neman sarauta da ganima da dawaki da ƙwaraƙwarai, suna aikata abin da aka yaƙi sarakunan da saboda shi. A 1807 ya bar runduna tana kan hanyar Alkalawa, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Mutanen Kano suka tsai da shi a zamanin Sarki Sulaimanu, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, inda ya bayyana cewa shugabanci amana ne da a ke ɗora wa wanda ya cancanta bisa shawara, ba gādo ba ne, kuma shari'a tana kan sarki kamar yadda ta ke kan talaka. Daga nan ya koma gida. Kokensa a kan wannan lalacewa yana nan cikin Tazyinul Waraƙati.

Babbar jarrabawa ta zo masa a 1817. Tun 1812 Shehu ya raba aikin mulki, yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu, Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar Sakkwato. Ga shi shi ne babba, shi ne waziri, ga ilimi, ga mayaƙa a bayansa. Da ya ga dama da an zubar da jini. Sai ya juya akalar dokinsa ya tafi, bai ja daga da ɗan wansa ba. Abdussalami kuwa, wanda saboda mutanensa aka fara rikici da Gobir, ya yi tawaye a Kware, ƙarshensa ya rasa ransa a 1818. Bayan 'yan shekaru, da mutanen Kalambaina suka tayar wa Malam Abdullahi, Bello ya kawo masa gudummawa. A nan baffa ya yi wa ɗansa mubaya'a, zumunci ya koma. Ya ƙare kwanakinsa a Gwandu yana karantarwa da wallafa, ya rasu a 1829, ya bar littattafai masu yawa, cikinsu har da tafsirinsa Liya'ut Tawili.

Halin nan nasa ya dace da abin da jumhurin malaman Sunna suka tafi a kai: ba a fita wa shugaba Musulmi da makami don zalunci kawai, sai an ga kafirci bayyananne da hujja, kuma da sharaɗin kada ɓarnar da za ta biyo baya ta fi wadda a ke son kawarwa. Wannan ba ya nufin a yi shiru. Nasiha da faɗin gaskiya gaban azzalumi wajibi ne. Saboda haka masu kafa hujja da jihadin 1804, irin na tarzomar Maitatsine a Kano a 1980 da fitinar da ta ɓarke a Maiduguri a 2009, sun ɗauki takobin sun bar sharuɗɗan. A yau ba a hana salla ba, ba a hana wa'azi ba, ga ƙuri'a, ga kotu, ga majalisa. Mutanen Daura shaida ne: marigayi Muhammadu Buhari ya hau mulki da juyin soja a ƙarshen 1983, wata ashirin aka sauke shi, ya nema da ƙuri'a sau uku bai samu ba, a na huɗu, cikin 2015, ya samu, ya yi shekara takwas ya miƙa.

Wanda ya ke da ƙofa a buɗe ba shi da uzurin fasa bango. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya ba shugabanni adalci, Ya ba talakawa haƙuri da basirar zaɓe, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.