Taƙaitaccen Tarihin Charles Darwin, Mai Nazarin Tana

Idan aka ambaci Charles Darwin, abin da ke zuwa zukatan ɗalibai shi ne ra'ayinsa kan asalin halittu, wanda har yau ake ja-in-ja a kansa. Amma kaɗan ne suka san cewa mutumin nan ya shafe sama da shekara 40 yana nazarin tana, wato wannan halitta da manomi a Dogo Nini ta Potiskum kan tono da fartanya da damina, ya wuce ko kallo ba ta ishe shi ba.

An haife shi a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa likita ne, ya tura shi Edinbura karatun likita, amma ganin yadda ake tiyata ya kore shi, ya koma Kambirij. Daga 1831 zuwa 1836 ya zaga duniya a jirgin ruwan Beagle.

Bayan dawowarsa ne, a 1837, kawunsa Josiah Wedgwood ya nuna masa wani fili inda tokar da aka watsa shekarun baya ta nutse cikin ƙasa, ya ce yana zaton aikin tana ne. Darwin bai raina maganar ba. A 1842 ya sa aka watsa alli a wani fili kusa da gidansa na Down, ya jira shekara 29. Da aka haƙa a 1871, sai ga allin ya nutse kimanin inci 7, kashin tana ya binne shi. A ganina wannan haƙuri ya fi tafiyar jirgin ban mamaki.

Da ya tsufa har tukwane ya cika da tana a ɗakin karatunsa. Aka busa musu usur, ɗansa ya busa musu wani abin busa na Turawa, ko gezau ba su yi ba. Amma da aka ɗora tukunyar a kan fiyano aka kaɗa, nan take suka shige rami. Ashe kurame ne, girgiza suke ji. Ya kuma lissafa cewa a wurare da dama na Ingila fiye da tan 10 na ƙasa kan bi ta cikinsu a kowace eka duk shekara.

Littafinsa kan tana ya fito a Oktoba 1881, shi ne kuma na ƙarshe da ya wallafa. Ya mutu ranar 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a cocin Westminster da ke Landan.