Komitas, marayan da ya rubuta waƙoƙin manoman Armeniya

Duk wanda ya tashi a karkarar Ƙonni, Malbaza ko Illela ya san waƙar da mata ke yi a bakin turmi ko kan dutsen niƙa, ya san kiɗan da ke zuga samari ranar gayya. Yau injin niƙa ya shiga ko'ina, waƙoƙin kuma suna bin tsofaffi zuwa kushewa. Fiye da shekara 120 da suka wuce, wani limamin coci ɗan Armeniya ya hango irin wannan asara a wajen mutanensa, ya tashi tsaye don tare ta.

Sunansa na yanka Soghomon Soghomonian. An haife shi a 1869 a garin Kutahya, cikin daular Usmaniyya, Turkiyya ta yau. Uwarsa ta rasu bai cika shekara guda ba, ubansa ya bi ta yana ɗan shekara 11. Muryarsa ce ta fitar da shi daga wahala. A 1881 aka zaɓe shi cikin marayun garin, aka kai shi Ecmiyazin, cibiyar cocin Armeniyawa, inda ake horar da limamai. Abin mamaki, yaron da zai zama gatan waƙar Armeniya ya isa can bai iya magana da harshen ba, Turkanci kawai yake yi. Bayan ya zama limami ne aka ba shi sunan Komitas, sunan wani shugaban cocinsu na ƙarni na 7 mai tsara waƙoƙin ibada.

Daga 1896 zuwa 1899 ya yi karatun kiɗa a Berlin. Da yawa daga cikinmu da muka yi karatu da harshen Turawa mun san abin da kan biyo baya: mutum ya dawo gida yana raina na gida. Komitas bai yi haka ba. Ya dawo Ecmiyazin yana koyar da ɗalibai, in ya samu sarari kuma sai ya nufi ƙauyuka. Yakan zauna kusa da masu huɗa da shanu, da mata masu rarrashin jarirai, da ƴan biki, yana saurare yana rubuta karin waƙar da alamomin kiɗa. Ya lura cewa manomi ba ya waƙa don an ce ya yi. Aikin ne ke fito da ita, don haka sai a bakin aikin ake samun ta gaskiya. Waƙar huɗa ta yankin Lori ma sai da ya yi mata nazari na musamman, har da kiran da manomi ke yi wa shanunsa. Ta haka ya tara waƙoƙi fiye da 3.000, har da na Kurdawa makwabtansu.

Wasu manyan cocin ba su ji daɗin ganin limami yana hawa dandali da waƙoƙin ƙauye ba. A 1910 ya koma Istanbul, ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta mutum kusan 300, maza da mata. Cikin almajiransa na can akwai Barsegh Kanachyan, wanda ake danganta kiɗan taken ƙasar Armeniya na yanzu da shi. A 1914 Komitas ya gabatar da bincikensa gaban masana kiɗa a birnin Paris.

Ranar 24 ga Afrilu 1915 hukumomin Usmaniyya suka kame manyan Armeniyawa na Istanbul, shi ma yana ciki, aka kai su Cankiri a tsakiyar ƙasar. Wannan ne mafarin kisan kiyashin da ya halaka Armeniyawa fiye da miliyan guda, wanda Faransa ta amince a 2001 cewa kisan ƙare dangi ne, Turkiyya kuwa har yau ba ta yarda da kalmar ba. An sako Komitas bayan ƴan makonni, amma yawancin waɗanda aka kama tare da shi ba su dawo ba. Hankalinsa ya taɓu. A 1916 aka kwantar da shi a asibiti a Istanbul, a 1919 aka kai shi Faransa. Bai sake komawa kan aikinsa ba har ya rasu ranar 22 ga Oktoba 1935 a asibitin masu taɓin hankali na Villejuif, kusa da Paris.

Takardunsa sun watse, rabi ko fiye na waƙoƙin da ya tara sun ɓace. Ƙauyuka da dama da ake rera irinsu babu ko mutum ɗaya da ya rage a ciki, don haka abin da ya tsira a rubuce ne Armeniyawan da suka bazu a duniya ke koya wa ƴaƴansu. A 1936 aka mayar da gawarsa Yerevan, inda babbar makarantar koyon kiɗa ta ƙasar ke ɗauke da sunansa. A Paris kuma, tun 2003 mutum-mutuminsa na tsaye a bakin kogin Seine.