John Moses Browning (1855–1926): Maƙerin da Ya Sauya Fasalin Ƙaramar Bindiga

Gabatarwa

Duk mai kallon finafinan Amurka ya sha ganin inda jarumi ke harbi da ƙaramar bindiga, can sai murfinta na sama ya koma baya ya tsaya cak. Wannan tsayawa alama ce ta cewa harsashi ya ƙare, kuma da gangan aka ƙera bindigar ta riƙa yin haka. Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwar John Moses Browning, wanda ya ƙirƙiro wannan murfi mai zamiya, kuma bindigoginsa suka yaɗa sakatar da ke tsayar da shi.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Browning ranar 23 ga Janairu, 1855, a garin Ogden da ke Utah a Amurka. Mahaifinsa, Jonathan Browning, maƙerin bindigogi ne, don haka a maƙera yaron ya buɗe ido. Bai yi zurfi a karatun boko ba, amma tun yana ƙarami ya ƙware wajen gyaran bindiga. A shekarar 1879 ya sami takardar shaidar mallakar fasaha ta farko a kan wata doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya. A 1883 kamfanin Winchester ya sayi fasahar, suka ci gaba da hulɗa har zuwa 1902. Sun ɓata ne a lokacin da Browning ya nemi a riƙa ba shi kaso daga cinikin kowace bindiga, kamfanin kuwa ya ƙi. Daga nan ya ƙara ƙarfafa dangantakarsa da kamfanin FN na ƙasar Beljiyam.

Murfi Mai Zamiya da Sakatarsa

Kafin zamaninsa, libarba ce ƙaramar bindigar da aka fi sani. Browning ya yi tunanin amfani da ƙarfin da ke fita yayin harbi domin bindiga ta yi wa kanta ɗuri. Sai ya lulluɓe bututun bindigar da murfin ƙarfe mai zamiya. Idan aka harba, murfin zai koma baya ya fitar da kwanson harsashi, sannan sifirin ya dawo da shi gaba, a hanya ya kwashi sabon harsashi ya cusa a bututu.

Sai dai akwai matsala. Sojan da ke tsakiyar artabu ba ya iya ƙidaya harbinsa, yana iya ɗaga bindigar da babu komai a cikinta ga abokin gaba. Maganin wannan shi ne sakata, wadda ta bayyana a samfurin soja na Colt na 1902 da Browning ya tsara. A cikin gidan harsashi akwai wani ɗan faifai da sifirin ke turawa sama, shi ne ke ɗago harsasai ɗaya bayan ɗaya. Muddin akwai sauran harsashi a kansa, faifan ba ya kaiwa ga sakatar. Da zarar na ƙarshe ya fita, sai faifan ya tokari sakatar daga ƙasa, ita kuma ta shige wani gurbi da aka yanka a jikin murfin, ta hana shi komawa gaba. Ta haka mai bindiga zai gane ta ƙare. Idan ya sa sabon gidan harsashi, sai ya danna sakatar ƙasa ko ya ɗan ja murfin baya ya saki. Haka kuma ana buɗe murfin a kafe shi da sakatar domin a tabbatar babu harsashi a ciki, wanda hakan kariya ce daga harbin kuskure.

Shahararsa

Wannan tsari ya kai matuƙa a bindigar M1911 mai cin harsashi 7 a gidanta. A gwajin da sojojin Amurka suka yi, an harba harsashi 6,000 da ita ba tare da ta cije ba. Sun karɓe ta a watan Maris na 1911, ta kasance babbar bindigar hannunsu har zuwa 1985. Gaba ɗaya Browning ya mallaki takardun fasaha 128.

Amma fasahar tasa ta bar tabo a tarihi. Da bindigar FN 1910, wadda shi ya tsara, Gavrilo Princip ya kashe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914, kisan da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Rasuwarsa

Browning ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 1926, sakamakon ciwon zuciya, yana bakin aiki a masana'antar FN kusa da birnin Liège. Bindigar da yake tsarawa a lokacin, Dieudonné Saive ne ya kammala ta, ta fito a 1935 da sunan Hi-Power.

Kammalawa

Yawancin ƙananan bindigogi masu yi wa kansu ɗuri a yau a kan tsarin Browning aka gina su. Baiwarsa ita ce lura da ƙaramar buƙatar mai riƙe da kayan aiki, kamar yadda sakatar nan ta nuna. Rayuwarsa kuma tana tuna mana cewa maƙeri ba shi da iko a kan hannun da ƙirarsa za ta faɗa bayan ta bar maƙera.