Fatrik, Bawan da Ya Koma Wurin Masu Bautar da Shi

Karatu: Farawa 45:1-15

Wataƙila ka taɓa jin cewa ƙasashe da dama suna da waliyyin da suke ɗauka majiɓincinsu. Sikotland tana da manzo Andarawus, Ailan kuwa tana da Fatrik. Amma ka sani, Fatrik ba ɗan Ailan ba ne. Bauta ce ta fara kai shi can.

An haife shi a Birtaniya, wajen ƙarshen mulkin Romawa a ƙasar. Mahaifinsa dikon ne, kakansa firist, duk da haka yaron bai kula da Allah ba. Yana da shekara wajen 16 mahara suka zo ta teku, suka kwashe shi tare da mutane masu yawa zuwa Ailan, inda yawancin jama'a ba su san Almasihu ba tukuna. Shekara 6 ya yi yana kiwon dabbobin wani. A can jeji, cikin sanyi da ruwan sama, ya tuna da Allahn iyayensa. Bisa ga rubutun da ya bari, yakan yi addu'a har sau 100 a yini, da dare ma kusan haka. Daga baya ya gudu, ya yi tafiyar mil wajen 200, ya sami jirgin ruwa. A ƙarshe ya isa gida, danginsa suka roƙe shi kada ya ƙara barinsu.

To, a nan fa ka tsaya ka yi tunani. Da kai ne, za ka so ko jin sunan ƙasar nan kuma? Fatrik ya yi mafarki, ya ji muryar mutanen Ailan suna roƙonsa ya komo wurinsu. Ya karɓi wannan a kan kiran Ubangiji ne. Ya yi horon aikin ikilisiya, ya koma yana bishop, a ƙarni na 5. Ya yi wa dubbai baftisma, ya naɗa masu hidima, har an taɓa ɗaure shi da sarƙa kwana 14.

Bai kuma manta da zafin bauta ba. Sa'ad da sojojin wani shugaba na Birtaniya mai suna Korotikus suka auka wa sababbin tuba, suka kashe waɗansu, suka kwashe sauran don sayarwa, Fatrik ya rubuta wasiƙa mai zafi. Ya nemi a saki kamammun, ya kuma hana masu bi cin abinci da maharan sai sun tuba. Ka lura, maharan nan mutanen ƙasarsa ne ta haihuwa, waɗanda yake karewa kuwa 'yan Ailan.

Yaya ya zama majiɓincin ƙasar? Ba wani Fafaroma da ya zauna ya naɗa shi, gama a zamanin nan ba a kafa irin wannan tsari ba. Ba shi ne ma bishop na fari a can ba, an riga an aiko Faladiyus a shekara ta 431. Masu bi ne suka riƙe sunansa. A ƙarni na 7 ikilisiyar Armagh ta ɗaukaka shi, marubuta suka tsara tarihinsa, aka yi ta ƙara masa gishiri. Labarin korar macizai daga tsibirin tatsuniya ce kawai, ba ta kuwa kai ainihin labarin daɗi ba. Ranar 17 ga Maris, wadda ake ɗauka ranar mutuwarsa, ta zama ranar hutu a Ailan a 1903.

Sunansa ya iso Afirka ta Yamma ta hannun mishan 'yan Ailan na ɗarikar Katolika, waɗanda suka yi aiki da yawa a Najeriya. A 1961 bishop-bishop na Katolika a can suka ɗauki Fatrik ya zama majiɓincin Najeriya ita ma.