Farfesa Abdus Salam: Yaron Jhang da Ya Gina wa Masanan Ƙasashe Matalauta Masauki

 

Da Edita ya nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum domin wannan fitowa, ban yi dogon tunani ba. 'Yan ajinmu za su tuna wata safiya cikin watan Oktoba na 1979, muna aji huɗu, lokacin da malaminmu na Fiziks, ɗaya daga cikin malaman Pakistan da Indiya da suka cika makarantun Arewa a wancan zamani, ya shigo aji fuskarsa cike da annuri. Ranar bai taɓa darasi ba. Sunan mutum ɗaya ya rubuta a allo, ya ba mu labarinsa har aka buga ƙararrawa. Wannan mutum shi ne Abdus Salam, ɗan Pakistan na farko da ya sami lambar yabo ta Nobel.

An haifi Abdus Salam ran 29 ga Janairu, 1926, a lardin Punjab, lokacin Indiya da Pakistan suna ƙasa ɗaya a hannun Turawan Ingila. Ya tashi a wani gari mai suna Jhang, inda ko wutar lantarki babu a lokacin ƙuruciyarsa. Mahaifinsa ma'aikacin sashen ilmi ne, ba mai dukiya ba. Yana ɗan shekara 14 ya zauna jarrabawar shiga Jami'ar Punjab, ya ci makin da ba a taɓa samun kamarsa ba kafin nan, har mutanen gari suka fito tarbarsa ran da sakamako ya fito. Daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Lahore, ya gama digiri na biyu a fannin lissafi a 1946.

A wannan shekara ya sami sukolashif zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila. Kuɗin kuwa daga wani asusu ne da aka keɓe domin 'ya'yan ƙananan manoma. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan, don zan dawo kansa. A 1949 ya fita da daraja ta ɗaya a lissafi da Fiziks, a 1950 kuma jami'ar ta ba shi lambar Smith saboda binciken da ya yi tun bai gama digirin digirgir ba.

A 1951 ya koma gida Lahore da niyyar ya bauta wa ƙasarsa. A nan ne ya gamu da abin da ya sauya rayuwarsa. Ba mujallun kimiyya na zamani, ba abokin da za su tattauna bincike, hukumar kwaleji kuma ba ta ɗauki bincike da muhimmanci ba, har ma ƙungiyar ƙwallon ƙafa aka ba shi ya kula da ita. Ga kuma tarzomar da ta ɓarke a Lahore a 1953 a kan mabiya Ahmadiyya, wadda shi ma ɗan cikinta ne. Ya ga cewa ko dai ya zauna gida ilminsa ya mutu, ko ya bar gida ilminsa ya rayu. A 1954 ya koma Kambirij. A 1957 ya zama Farfesa a kwalejin Imperial ta Landan, a 1959 kuma, yana da shekara 33, aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, wato Royal Society.

To, mene ne aikin da ya jawo masa Nobel? Bari in ɗan tuna mana darasin aji. Masana sun san ƙarfi iri huɗu da ke tafiyar da halitta: ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, ƙarfin lantarki da maganaɗisu, ƙarfi mai tsanani da ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra, da kuma ƙarfi mai rauni, wanda ke sa wasu ƙwayoyin zarra su rikiɗe, wanda kuma in babu shi rana ba za ta ci wuta ba. A da, ana ɗaukar lantarki daban, maganaɗisu daban, sai da James Clerk Maxwell ya nuna cikin ƙarni na 19 cewa abu ɗaya ne. Salam ya ƙara taki ɗaya gaba. Ya nuna ta hanyar lissafi cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da wancan ƙarfi mai rauni, su ma tushensu ɗaya. Steven Weinberg na Amurka ya kai ga wannan sakamako a 1967, Salam kuma ya gabatar da nasa a 1968, kowa da aikinsa, a bisa harsashin da Sheldon Glashow ya aza tun 1961. Su ukun aka raba wa kyautar ta 1979.

Lissafi kaɗai ba ya isa hujja sai gwaji ya gaskata shi. Nazarin nasu ya ce dole akwai wasu ƙwayoyi masu nauyi da ba a taɓa gani ba, waɗanda ake kira W da Z, kuma nauyinsu ne ya sa ƙarfin ba ya cin dogon zango. A 1973 aka ga alama ta farko a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba. A 1983 aka gano ƙwayoyin su kansu a can, kowace ta fi furoton nauyi sama da sau 80. Ragowar ƙwaya ɗaya da nazarin ya dogara a kanta, wato Higgs, sai a 2012 aka gano ta, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Amma ni a ganina, babban aikinsa ba wannan ba ne. Salam bai taɓa manta kaɗaicin da ya sha a Lahore ba. A 1960, yana wakiltar Pakistan a babban taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a Biyena, ya kawo shawarar a kafa wata cibiya inda masanan ƙasashe masu tasowa za su riƙa haɗuwa da takwarorinsu na duniya. Wakilan manyan ƙasashe da yawa suka ƙi, suna ganin irin wannan ilmi ado ne da matalauta ba su da bukatarsa. Hujjarsa ita ce, wannan fanni na nazari ba ya cin manyan injuna. Allo da alli da ɗakin karatu da abokan muhawara sun isa. Ya yi shekara huɗu yana bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Wani masani ɗan Italiya, Paolo Budinich, ya tsaya masa, gwamnatin Italiya ta ɗauki mafi yawan nauyin kuɗi, aka buɗe Cibiyar Duniya ta Nazarin Fiziks, wadda ake taƙaita sunanta ICTP, a birnin Trieste a 1964. A 1968 ta tare a mazauninta na Miramare a bakin teku, a 1970 kuma hukumar UNESCO ta shigo cikin tafiyar da ita.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce tsarin da ya ɓullo da shi na abokan cibiya. Malamin jami'a daga Afirka ko Asiya ko Kudancin Amurka zai je Trieste sau uku cikin shekara shida, ya yi 'yan watanni yana bincike, cibiya ta biya masa jirgi da masauki, amma da sharaɗin yana ci gaba da aiki a ƙasarsa. Wato dai zaɓin nan mai ɗaci da ya fuskanta a 1954, shi ne ya so ya ɗauke wa na bayansa. Dubban masana sun bi ta wannan cibiya, har da 'yan Nijeriya. A 1983 ya kafa makarantar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, wato TWAS, ita ma a Trieste, a 1991 kuma cibiyar ta fara kwas na difloma domin shirya matasa su shiga karatun digirin digirgir. Kuɗin Nobel ɗinsa ma wajen tallafa wa matasan masana ya zuba su. Mu ma nan gida an san da shi, domin Jami'ar Maiduguri ta ba shi digirin girmamawa a 1981.

Rayuwarsa ba ta rasa baƙin ciki ba. Ya yi wa shugabannin Pakistan aikin babban mai ba da shawara kan kimiyya daga 1961, yana kuma cikin waɗanda suka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar. A 1974 majalisar dokoki ta zartar cewa 'yan Ahmadiyya ba Musulmi ba ne, shi kuwa ya ajiye muƙaminsa. Maganar aƙida tana da malamanta, ba kuma nan ne wurinta ba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne bai taɓa sauya takardar zama ɗan ƙasarsa ba, kuma da rawani da tufafin mutanen Punjab ya karɓi kyautarsa a Suwidin. Ya shugabanci cibiyar har 1993, lokacin da ciwon jijiyoyi ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Oxford ran 21 ga Nuwamba, 1996, aka kai gawarsa Pakistan aka binne a Rabwah. A 1997 aka sa wa cibiyar sunansa.

'Yan uwa, ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan tarihi. Da na ziyarci makarantarmu kwanan baya, na leƙa ɗakin gwaje-gwajen da muka koyi awo a ciki, na tarar rufi yana yoyo, famfunan sun bushe, kabad-kabad kuma wayam. Na kuma ji labarin yaran da suka ci jarrabawa da kyau amma rashin kuɗin rajista ya mai da su gona ko kasuwa. Ku tuna, asusun 'ya'yan manoma ne ya kai Salam Kambirij. Ba don shi ba, da wataƙila ya ƙare yana akawu a Jhang, duniya ba ta ji sunansa ba. A cikinmu akwai likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, wasu a gida wasu a ƙetare. Shawarata ga taronmu mai zuwa ita ce mu gyara wannan ɗaki, mu buɗe asusun tallafa wa haziƙan ɗaliban kimiyya, waɗanda ke waje kuma su riƙa ba makaranta ko da kwana biyu ne in sun zo hutu, su shiga aji su koyar.

Allah Ya ba mu ikon saka wa makarantar da ta yi mana rana.