Tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, Allah Ya Ji Ƙansa

 Ya ku malamai da fatake, ga taƙaitaccen tarihin wani sarki da ya ɗauki sarauta amana ce ta iyalan talakawa.

An haifi Muhammadu Dikko a 1865, ɗan Durɓi Gidado ne, daga zuriyar Sulluɓawa. Ya tashi a zamanin yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, lokacin da hanyar nan ta Jibiya, wadda kuke bi da hajarku, take wurin hari da fargaba. Ya riƙe sarautar Durɓi, sa'an nan a 1906, shekara uku bayan zuwan Turawa, aka naɗa shi Sarkin Katsina.

Farkon abin da ya tsayar shi ne baitulmali, tare da Baturen nan Palmer. Aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, saura kuwa aka ajiye shi domin ayyukan jama'a. Daga Katsina wannan tsari ya bazu zuwa sauran ƙasashen Arewa. Hikimarsa a sarari take: dukiyar da ke rubuce a littafi ta fi wuyar salwanta bisa wadda ke cikin taskar mutum guda.

A 1921 ya tafi aikin Hajji, ya bi ta Ingila. Cikin Maris na 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, inda ake koyar da samari aikin malanta. Nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardauna suka yi karatu. A 1938 aka mai da ita Kaduna, daga bisani Zariya, ita ce Barewa. Tsohon ginin yana nan cikin birni, an mai da shi gidan tarihi.

Amma aikin da ya fi bukatar ƙarfin zuciya shi ne na 'ya'ya mata. A 1930 aka buɗe musu makaranta a Katsina, inda suke koyon karatu da ɗinki da tsabta da renon jarirai. Jama'a suka ɗari-ɗari, gama suna tsoron lalacewar tarbiyya, tsoron nan kuwa ba na banza ba ne. Sarki bai bar wa talaka gwajin ba, 'ya'yan gidan sarauta da na fadawa aka fara sawa. Wanda ya ga shugaba ya sha daga rijiya ba ya shakkar ruwanta.

Ya rasu a 1944, watau 1363 ta Hijira, bayan shekara 37 da ɗoriya bisa gado. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.

To, jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Attajirin Jibiya da ya ɗauki nauyin abincin almajirai goma, ko ya koya wa maraya sana'a, da malamin da ya zaunar da 'yarsa gaban allo tare da ƙannenta maza, duka sun bi sawun Dikko. Wanda ya jira sai hukuma ta yi, yaran za su girma a bakin tasha kafin ta iso.

Allah ya ji ƙansa, ya sa Aljanna makomarsa. Amin.