Frederick Taylor: Injiniyan da ya ɗora agogo a kan gumin lebura

A watan Agustan 1911, masu zubin ƙarfe a masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin Amurka da ke Watertown, kusa da birnin Boston, suka ajiye kayan aiki suka fice. Ba ƙarin albashi suka nema ba. Wani jami'i ne ya tsaya a kan ɗaya daga cikinsu riƙe da agogo yana ƙidaya daƙiƙoƙin da yake ɗauka a kan kowane motsi. Ma'aikacin ya ƙi yarda, aka kore shi, sauran suka bi bayansa. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari na auna aiki da agogo shi ne Frederick Winslow Taylor, mutumin da har gobe ake karanta sunansa a darussan farko na ilimin gudanarwa a jami'o'in duniya.

Ɗan masu hali a cikin leburori

An haifi Taylor ranar 20 ga Maris, 1856, a unguwar Germantown ta birnin Filadelfiya, a gidan masu dukiya mabiya ɗarikar Kiristoci ta Quaker. Mahaifinsa lauya ne, mahaifiyarsa kuma tana cikin masu fafutukar hana cinikin bayi. Ya yi karatu a Faransa da Jamus tun yana yaro, ya kuma ci jarrabawar shiga Jami'ar Harvard a 1874, amma bai shiga ba, inda aka danganta hakan da ciwon ido. Maimakon zama lauya kamar mahaifinsa, sai ya shiga koyon sana'ar ƙere-ƙere a wata masana'antar famfuna.

A 1878 ya kama aiki a masana'antar ƙarafa ta Midvale a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Cikin 'yan shekaru ya zama shugaban rukunin ma'aikata, daga bisani ya kai ga muƙamin babban injiniya. Yana da hazaƙa da naci, domin yana aiki ya yi karatu har ya sami digirin injiniya a 1883. Amma yana da uwa a gindin murhu: mijin 'yar'uwarsa, Clarence Clark, ɗa ne ga ɗaya daga cikin masu kamfanin. Tare da Clark ɗin ne ma ya lashe gasar tanis ta ƙasa ta 'yan wasa bibbiyu a 1881. Leburorin da suke tare da shi ba su da irin wannan gata.

Yaƙin da ya fara a Midvale

A wancan zamani ana biyan yawancin ma'aikata ne bisa jinga, wato gwargwadon abin da mutum ya ƙera. Sai dai ma'aikata sun gane cewa duk lokacin da suka ƙara himma, masu kamfani kan rage kuɗin jingar, a wayi gari ana aiki da yawa a kan lada ɗaya. Saboda haka suka haɗa baki suna jan ƙafa da gangan don kare abincinsu. Taylor ya san wannan sirri domin ya zauna a cikinsu. Da ya zama shugabansu sai ya yi amfani da abin da ya sani a kansu. Kusan shekara uku ya yi yana fafatawa da su, yana cin su tara, yana korar masu taurin kai.

Darasin da ya ɗauka shi ne, ƙarfin ma'aikaci yana cikin abin da ya sani wanda ubangidansa bai sani ba. Muddin ma'aikaci ne kaɗai ya san tsawon lokacin da aiki ke ci, to shi ke da iko da saurin masana'anta. Mafitar da ya kawo ita ce a rarraba kowane aiki gunduwa-gunduwa, a auna kowace gunduwa da agogo, a zubar da motsin da ba shi da amfani, sannan a rubuta wa ma'aikaci umarni a kati. Tunani da tsarawa su koma ofis, aiwatarwa kawai ta rage wa mai aiki. Wanda ya cika adadin da aka yanka masa ya sami ƙari, wanda ya gaza a rage masa.

Labarin da ya ɗaukaka shi

A 1898 kamfanin ƙarafa na Bethlehem ya ɗauke shi. A nan ne shi da Maunsel White suka gano hanyar sarrafa ƙarfen yanka da ke jure zafi da gudu, abin da ya ba duniya mamaki a baje kolin birnin Faris na 1900, ya kuma kawo masa dukiya. Wannan nasara ce ta gaske wadda babu mai musanta ta.

Amma abin da ya fi yaɗa sunansa shi ne labarin lodin curin ƙarfe a taragon jirgin ƙasa. Kowane curi ya kai kusan kilo 42. A cewar Taylor, kowane lebura na loda tan 12 da rabi a yini, shi kuwa ta hanyar tsara lokutan aiki da hutu ya sa wani da ya laƙaba wa suna Schmidt ya riƙa loda tan 47 da rabi. Ladan mutumin ya tashi daga dala 1 da santi 15 zuwa dala 1 da santi 85 a yini. Shi kansa Taylor ya amince cewa mutum ɗaya ne kawai cikin takwas ke da ƙarfin jure wannan aiki, kuma a rubutunsa ya kwatanta irin leburan da ya dace da shi da sa.

Lissafin a fili yake: aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Marubuci Upton Sinclair ya nuna wannan giɓi tun a 1911. Bahaushe zai ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Taylor ya kare kansa da cewa ragowar ribar tana komawa ga jama'a ta hanyar araha, kuma ma'aikacin bai ƙirƙiro dabarar da kansa ba.

A 1974 wasu masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, suka bi diddigin takardun asali. Sun gano cewa Taylor ya riƙa sauya labarin daga wannan jawabi zuwa wancan. Adadin da aka yanka wa leburori kuma ba daga dogon gwaji ya fito ba. Mataimakansa sun ƙidaya abin da wasu ƙarfafa suka loda cikin 'yan mintuna suna iyakar ƙoƙarinsu, suka lissafa na yini guda, suka zabge kashi 40 cikin ɗari a matsayin hutu da tsaiko. Wannan ƙiyasi ne aka gabatar wa duniya da sunan kimiyya.

A gaban majalisa

Bethlehem ta sallami Taylor a 1901 bayan saɓani da shugabanninta. Ya koma gida yana karɓar baƙi, yana wa'azin tsarinsa. Sunansa ya cika jaridu a 1910, lokacin da lauya Louis Brandeis ya ƙalubalanci kamfanonin jiragen ƙasa da ke neman ƙarin kuɗin dako, yana mai cewa su fara gyara ɓarnar da ke cikin aikinsu. A 1911 ya wallafa littafinsa The Principles of Scientific Management, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama.

Yajin aikin Watertown bai wuce kimanin mako guda ba, amma ya ƙara wa ƙorafin ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi. A watan Janairun 1912 Taylor ya bayyana gaban kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin William B. Wilson, tsohon mai haƙar kwal. Wilson ya matsa masa da tambaya a kan makomar mutanen da ba su kai mizaninsa ba, da kuma wanda zai yi hukunci idan ma'aikaci da kamfani suka saɓa a kan adadin aiki. Taylor yana ganin ba a ciniki da sakamakon awo, saboda haka bai ga amfanin ƙungiyar ƙwadago a tsarinsa ba. Kwamitin bai nemi a kafa doka ba, amma a 1915 majalisa ta hana kashe kuɗin soja wajen auna ma'aikata da agogo, haramcin da ya tsaya har 1949.

Taylor ya rasu ranar 21 ga Maris, 1915, sakamakon ciwon huhu, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 59.

Abin da ya bari

Tsarin bai bi shi kabari ba. Lenin, wanda a 1913 ya soke shi a matsayin dabarar tatsar gumin ma'aikata, shi ne a 1918 ya buƙaci gwamnatin Sobiyat ta nazarce shi ta ɗauki abin da zai amfane ta. Binciken da aka gudanar a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago tsakanin 1924 da 1932 ya jawo hankali ga abin da Taylor ya yi wa riƙon sakainar kashi, wato dangantakar ma'aikata da junansu da yadda ake mu'amala da su.

Adalci ne a ce ya koya wa masana'antu su daina dogaro da zato, su gyara kayan aiki, su horar da ma'aikata. Amma ya damƙa agogon a hannun ɓangare ɗaya. A yau manhajar waya ce ke ƙidaya mintunan direban haya da na mai kai saƙo, kwamfuta ce ke lissafa kayan da ma'aikacin rumbun ajiya ya ɗauka cikin awa guda. Tambayoyin da aka yi wa Taylor a 1912 suna nan: wa ya yanka adadin, da wace hujja, kuma nawa ne rabon mai gumi a cikin ƙarin da aka samu? A Bethlehem, sai da aka shafe shekara 75 kafin wani ya buɗe takardun ya duba inda adadin ya samo asali.